Malam Ya Dawo Mini da Babi na Ɗaya Sau Uku, In Biya a Rubuta Mini?

Assalamu alaikum Anti. Ina aji huɗu a sashen tattalin arziki na wata jami'a, a nan Jos muke zaune. Tun farkon zangon nan aka raba mu ga malaman da za su duba mana furojet, wato aikin binciken kammala digiri, ni kuma na faɗa hannun wani Dakta da kowa ke tsoronsa. Taken aikina shi ne matsalolin kasuwancin kayan gwari a Najeriya. Sau uku ina kai masa babi na ɗaya yana dawo mini da shi, biyun farko jajur da jan biro. Na ƙarshen sai da ya yi mako biyar a ofishinsa, da na karɓo ban ga komai ba sai layi ɗaya a saman shafin farko, wai me nake so in gano. Ƙawayena har sun kai babi na uku, wasu ma malamansu sa hannu kawai suke yi. Akwai wani mai shagon kwamfuta da ya ce zai rubuta mini babi biyar ɗin duka in na biya shi, kuma da yawa sun yi sun wuce lafiya. Babanmu, wanda dillalin tumatir ne a kasuwar Farin Gada, ya ce in bari ya haɗa kwandon kayan miya a kai wa malamin gida. Ni kuma ina tunanin zuwa wurin shugaban sashe a canza mini malami, don na fara zargin ko don ina Bahaushiya mai hijabi ne yake mini haka. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. Ki ba ni shawara. Ƙanwarki daga Unguwar Rogo.

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk biyun ba a kan jan biron Dakta idona ya tsaya ba, a kan Babanku ya tsaya. Kin ce dillalin tumatir ne a Farin Gada, kin faɗe shi a gurguje don kawai ki kawo zancen kwando. Ke ce kuwa mai rubuta furojet a kan kasuwancin kayan gwari. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Zan dawo kansa, amma bari in fara da zargin nan, don na san shi ya fi hana ki barci.

Ba zan ce miki irin wannan ba ya faruwa ba. Duk wanda ya zauna a Jos ya ga 2001 da 2008 da 2010 ya san yadda garin ya rabu unguwa-unguwa, ya san kuma yadda mutum kan shiga ofis yana auna fuskar mai ofishin tun kafin a gaisa. Ku da kuka taso bayan haka kun gaji wannan ɗar-ɗar ɗin ko ba ku so ba. Sai dai zargi abu ne da ake iya gwadawa, gwajin kuma ba ya cin ko sisi. Ba ke kaɗai ce a hannun Dakta ba. Ki nemi sauran ɗaliban da yake dubawa, ki roƙe su su nuna miki nasu babin. In kin tarar jan biron bai ƙyale kowa ba, mai hijabi da marar hijabi, ɗan Bukur da ɗan Gangare, to kin huta da wannan tunanin. In kuwa naki ne kaɗai ke shan haka, sauran suna wucewa da aikin da bai fi naki ba, wannan wata magana ce dabam, za mu zo kanta. Amma ke da bakinki kin ce kowa tsoronsa yake ji, malamin da kowa ke tsoro kuwa da wuya a ce mutum ɗaya ya sa wa ƙahon zuƙa.

Kuma wanda yake nufin ki da sharri ba ya ɓata tawadarsa wajen yi miki tambaya. Hanyoyin da ake cutar ɗalibi a furojet sanannu ne: a ce fayil ya ɓace, ko a sa miki hannu ba a karanta ba, a bar ki ki je ki sha kunya ranar difens, ranar da za ki kare aikinki a gaban malamai. Wannan bawan Allah ya karanta aikinki har sau uku. A na ukun ya daina gyaran jimla, ya rubuta layi ɗaya. Ni a karatuna, ya gane cewa gyaran waƙafi da aya ba zai ceci babin ba, tun daga tushe matsalar take.

Me kike so ki gano? Ajiye haushi ki amsa mini da Hausa, a jimla ɗaya, kamar ƙanwarki 'yar sakandare ce ta tambaye ki. In abin da ya zo bakinki shi ne "matsalolin kasuwancin kayan gwari", to ba ki amsa ba, take kika maimaita. Najeriya jiha 36 ce da Abuja, ƙananan hukumomi 774. Kayan gwari ya haɗa da albasar Aliero da tumatirin Kadawa da dankalin turawan Bokkos da kabeji da karas ɗin da ake nomawa da rani a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari a nan Filato. Matsalar mai albasa ba ita ce ta mai tumatir ba: mai albasa zai iya ajiye tasa watanni yana jiran kasuwa ta yi kyau, ɗayan kuwa kwana uku ya yi masa yawa. Wace ɗaliba ce mai wata uku ko huɗu a hannu, da kuɗin keke da take lissafawa kullum, za ta binciko duk wannan? Ko farfesa da tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sai ya yanki wani sashe.

Ban ga babinki ba, amma zan iya yin caca a kan yadda ya fara. Ya fara da cewa noma shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin Najeriya kafin a samu man fetur. Daga nan shafi biyu na wane ya ce, wane ma ya ce. Sai aka zo wurin bayyana matsala, aka jera rashin hanya da rashin jari da rashin wurin ajiya da rashin tallafin gwamnati. Duk gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa sayen tumatir na ɗari biyu ya san su. Abin da aka riga aka sani ba a bincikensa. Dakta ya karanta irin wannan buɗewar ya fi a ƙirga, shi ya sa ya tambaye ki inda naki yake.

Naki yana Farin Gada, wurin da Babanku ke tafiya kullum da sassafe. Ki yi tunanin abin da kika sha ji a tsakar gidanku tun kina ƙarama: yau kaya sun yi yawa kasuwa ta faɗi, mota ta lalace a hanyar kudu kaya sun ruɓe, wane ya ɗauki kaya bashi bai dawo ba. Kowanne daga cikin waɗannan tambayar bincike ce da take jiran mai yi. Ga misali ɗaya: a cikin kwandunan tumatir da ke shigowa Farin Gada, nawa ne ke lalacewa kafin a sayar, kuma wa ke ɗaukar asarar, manomi ko dillali ko ɗan kasuwar da zai yi lodi zuwa Legas ko Fatakwal? Ga wani: kwandon gargajiya idan aka jibga wani a kan wani na ƙasa yana matsewa ya fashe, kiret ɗin roba kuwa gefensa ne ke ɗaukar nauyin na sama, to me ya sa har yanzu kwando ya fi yawa? Tsada ce, ko wahalar dawo da kiret fanko daga kudu, ko don da kwando aka saba yin ciniki da yanke la'ada? Ga na uku: yaya farashin kwando ɗaya ke sauyawa daga safe zuwa la'asar, kuma me ke sauya shi? Ba na ce ki ɗauki nawa ba. Ɗaya za ki zaɓa, wanda ke kanki kike son jin amsarsa, ki bar sauran. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Da zarar tambayar ta tsaya da ƙafarta za ki ga sauran babukan sun daina ba ki tsoro. Ɗauki babi na uku, inda ake bayanin yadda za a yi binciken. Ɗalibai da yawa suna kwafo lissafin Taro Yamane na 1967, wanda ake fitar da yawan mutanen da za a yi wa tambayoyi da shi, su manna, ba tare da sun san adadin mutanen da suke magana a kansu ba. Lissafin kuwa ba ya aiki sai da wannan adadin. A ce 'yan tumatir ɗin da ke rajistar ƙungiyarsu 400 ne, kina kuma yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, lissafin zai ba ki mutum 200 da za ki tambaya. Wannan 400 ɗin misali na kawo, ba ƙidaya ba. Adadin gaskiya yana wurin shugabannin kasuwa, kuma ɗalibar da ba ta san kowa ba sai ta yi mako biyu tana sintiri da wasiƙar sashe kafin a saurare ta. Ke Babanku zai kama hannunki ya kai ki cikin minti goma. In kuma 200 ta fi ƙarfinki, ki faɗa wa Dakta tun yanzu ku rage faɗin aikin tare, kada ki bari sai kin makale.

Takardar tambayoyin ma ki san ba za a cike miki ita yadda ɗalibai ke cike ta abokansu a aji ba. Mutumin da ke tsakiyar ciniki, ga 'yan dako na jira, ga mai mota na ƙorafi, ba zai zauna da biro yana zaɓen "na yarda ƙwarai" ko "ban yarda ba". Ki fassara tambayoyin zuwa Hausar kasuwa, ki gwada su a kan mutum biyar tukuna don ki ga wadda ba a ganewa, sannan ke za ki riƙa karantawa kina rubuta amsa, a lokacin da kasuwa ta lafa. Kada ki tambayi Bahaushe kai tsaye nawa yake samu a wata, dariya zai yi ya ce alhamdu lillahi. Ki tambaye shi kwando nawa ya karɓa jiya, nawa aka sayar da safe, nawa ya kwana, nawa aka karyar. Lissafin ke za ki yi a gida. Kada ki rubuta sunan kowa, ki kuma gaya musu haka tun farko, don akwai masu zaton duk mai takarda da biro daga ofishin haraji yake.

Zamanki 'yar dillali yana da nasa haɗarin, kada in yabi abin in ɓoye miki aibinsa. Wasu za su faɗa miki abin da zai yi wa Babanku daɗi, manoma kuma ba lalle su saki baki su soki dillalai a gaban 'yar dillali ba. Ki samu wani ɗan ajinku ya raka ki ya yi wa manoman tambayoyin, ki kuma rubuta wannan dangantakar ƙarara a cikin aikin, a inda ake faɗin iyakokin bincike. Malamai irin Dakta suna ganin girman ɗalibin da ya nuna raunin aikinsa da kansa. Abu ɗaya ne ba a yafewa: a zauna a ɗaki a cike takardu 200 da biro kala uku. Ana yi, na sani. Ana kuma ganewa, don amsoshin ƙarya sun cika tsafta, babu wanda ya tsallake tambaya, babu wanda ya faɗi abin da ba a zata ba.

Yanzu yadda za ki koma wurinsa. Kada ki sake kai masa shafi goma sha biyar. Shafi ɗaya za ki kai: sabon take, tambayar a jimla ɗaya, manufofi uku da ba su wuce layi ɗaya-ɗaya ba, wa za ki tambaya, a ina, cikin mako nawa. Ki je a lokacin da ya ware wa ɗalibai, in ba ki sani ba sakatariyar sashe ta sani. Bayan gaisuwa ki ce, "Malam, na yi tunani a kan tambayar da ka rubuta mini, ga amsar da na samu. In ta yi sai in sake babin a kanta." Shafi ɗaya ana karanta shi a tsaye, ba ya buƙatar shiga cikin tarin fayilolin da ke kan tebur. Duk abin da ya faɗa ki rubuta a gabansa, ki maimaita masa don ki tabbatar kin fahimta. Kafin ki fita ki tambaye shi ranar da za ki kawo babin da ranar da za ki dawo karɓa. Yawancin ɗalibai wannan tambayar ce ke musu nauyi, sai su ajiye fayil su fice, su koma suna leƙen ƙofa kullum.

Mako biyar ɗin da aikinki ya yi a ofishinsa kuwa laifinsa ne, ba zan wanke shi ba. Ɗaliba mai wa'adi ba ta cancanci a bar ta haka ba, ko da layi ɗayan nan ne ai ana iya rubuta shi a mako guda. Amma yana da kyau ki san abin da ke bayan ƙofar. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya tashi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma jami'o'in gwamnati sun ɗauki shekaru suna gudun cike wannan giɓin, ana matse zango, ana shiga wani kafin a gama makin wani. Malamin da ke duba ki shi ne ke koyar da aji biyu ko uku, shi ke makin jarrabawa, yana da ɗaliban digiri na biyu da na uku, ga taron sashe, ga nasa rubuce-rubucen da ba a ƙara masa girma sai da su. Wannan ba uzuri ba ne, bayani ne na yadda za ki bi da shi: abin da ya zo gajere, a tsare, da rana a kansa, shi ke fara fita.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da kika kai aiki, ranar da kika karɓo, da abin da aka ce. Duk babin da ya yi wa jan biro ki adana shi, kada ki yar don haushi. Ki riƙa tura wa kanki kwafi ta imel duk ranar da kika yi gyara. Ni a zamaninmu a faifan fulofi na ajiye nawa, ya ƙi buɗewa saura kwana tara a miƙa, da hawaye na sake buga babi biyu daga takardun da malamina ya yi wa gyara. Tun daga ranar nake ganin darajar takarda mai jan biro. Kada ki kira shi da dare, saƙo gajere da rana ya isa, ki sa sunanki da ajinki a ciki. In da hali ku riƙa zuwa ku biyu da wata da yake dubawa, ya fi miki kwanciyar hankali, ya fi masa shi ma.

Lokacin da kike jira kuma ba na zaman kashe wando ba ne, ko in ce na kashe zane. Babi na biyu karatu ne, kuma ba ya buƙatar izinin kowa. Google Scholar da AJOL, shafukan intanet da ake neman rubuce-rubucen masana a cikinsu, suna cike da binciken da malaman jami'o'in Najeriya suka yi a kan asarar tumatir bayan girbi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton farashin kayan abinci, akwai tumatir a ciki. Ki karanta abin da ya faru a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano har farashi ya yi tashin gwauron zabi, sannan ki tambayi Babanku yadda shekarar ta kasance a Farin Gada. Tsofaffin furojet da ke ɗakin karatun sashe ki duba su don ki ga tsari, ba don ki kwafa ba. In kina amfani da ChatGPT ki sani yana iya ƙirƙiro sunan marubuci da shekara da mujalla waɗanda babu su a duniya. Duk abin da ba ki buɗe da idonki kin karanta ba, kada ya shiga jerin manazartarki.

Sai mai shagon kwamfuta. Ya ce da yawa sun yi sun wuce, kuma ba zan ƙaryata shi ba, wasu sun wuce. Amma ki tambayi kanki a hannun wa suka wuce. A hannun masu sa hannu ba karatu. Ke a hannun mutumin da ya san rubutunki kike, ya karanta shi sau uku, ya san inda Turancinki ke tuntuɓe. Ranar da kika kawo masa babi sumul da ba muryarki ba, shafi biyu zai karanta ya ɗago kai. Abin da masu shagon ke sayarwa ma yawanci tsohon aiki ne na wata jami'a, a canza sunan gari a canza shekara, a sayar wa mutum uku. Jami'o'i da dama yanzu suna sa aiki a Turnitin, manhajar da ke gano rubutun da aka kwafo, tun 2025 kuma gwamnatin tarayya ta ce sai an ɗora aikin kammala karatu a rumbun ƙasa na NERD kafin a tafi bautar ƙasa, wato aikin zai zauna da sunanki a inda za a iya kwatanta shi da na wasu ko bayan shekaru. Ko duk wannan bai kama ki ba, akwai ranar difens. Malamin da ya zo daga wata jami'a zai buɗe babi na huɗu ya nuna tebur ɗaya ya ce, wannan adadin daga ina? Kayan aro ba ya rufe katara. Furojet a yawancin sassa ya fi kowane kwas nauyin maki, kuma satar aiki ba faɗuwa kawai take jawowa ba, gaban kwamitin ladabtarwa take kai mutum. Ga shi kuma za ki bar sirrinki a hannun wani namiji da ke da lambar wayarki, ya san abin da zai iya ɓata miki digiri. Wannan kaɗai ya ishe ni in ce a'a.

Ƙawayenki da suka kai babi na uku, ki yi musu fatan alheri ki daina ƙirga musu. Wasu za su dawo babi na ɗaya ana saura mako biyu.

Zancen kwando kuwa, Babanku da zuciya ɗaya ya faɗa, haka muka taso, ba a zuwa wurin malami hannu rabbana. Amma kyautar da ta zo alhali aikinki yana kan teburinsa, sunanta ya canza. In mutumin kirki ne zai ji an raina shi, daga ranar kuma duk alherin da zai yi miki sai ya yi tunani sau biyu don kada a ce kwando ne ya yi aiki. In ba na kirki ba ne, kin nuna masa ƙofa, kuma ba a kwando zai tsaya ba. A bari sai sakamako ya fito, a lokacin ko buhun dankali Baba ya kai godiya ce. Kada ki ce wa Baba shawararsa ba ta yi ba. Ki ce masa akwai taimakon da ya fi wannan wanda shi kaɗai zai iya yi miki, ya kai ki wurin shugabannin 'yan tumatir, ya kuma zauna da ke dare ɗaya ya warware miki yadda kwando ke tafiya daga gona har cikin mota, da wanda ke cin nawa a kowane mataki. Ina kyautata zaton ba a taɓa tambayarsa ba.

Canza malami yana da lokacinsa. In malami ya nemi kuɗi, ko ya ce sai mai shago kaza ne zai buga miki aiki, ko ya fara kiran ki wani wuri da ba ofis ba, ko ya taɓa addininki ko ƙabilarki da baki, ko gwajin da na ce ki yi ya nuna ke kaɗai ake dannewa, to ba zancen haƙuri. Ki adana saƙonni, ki gaya wa iyayenki, ki kai ƙara a rubuce. A 2018 kotun tarayya da ke Osogbo ta yanke wa wani farfesa ɗaurin shekara 2 a ƙarar da ICPC ta shigar, saboda ya nemi ɗalibarsa da lalata a bakin maki, kuma muryarsa da ta naɗa ce ta tona shi. Amma a wasiƙarki ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na ga tsanani da jinkiri. In kika je wurin shugaban sashe yau kika ce a canza miki don ana yawan gyara miki aiki, abu na farko da zai yi shi ne ya karɓi babin ya karanta, kuma ina tsoron shi ma tambayar Dakta zai yi miki. Ko an canza ɗin, sabon malami daga farko zai sa ki fara, kuma ofishinsa yana jikin na wancan, tare suke shan shayi.

In kin kai shafi ɗayan, kin kai sabon babi, ranar da ya ba ki ta wuce da mako biyu ba labari, kin tuna masa sau ɗaya cikin ladabi shiru, to ki ɗauki littafinki ki je wurin malamin da ke kula da furojet na sashen gaba ɗaya. Ba ƙara za ki kai ba. Ki nuna masa ranakun ki ce kina tsoron wa'adi ne, ko zai taimaka ya yi wa Malam magana. Sau da yawa kalma ɗaya daga abokin aiki a baranda ta wadatar. Sai wannan ya ci tura ake hawa zuwa shugaban sashe.

Asabar mai zuwa, bayan sallar asuba, ki sa rigar sanyi ki bi Babanku kasuwa. Kada ki tafi da takardar tambayoyi, littafi da biro kawai. Ki samu gefe ki tsaya ki kalli yadda ake sauke kaya, wa ke fara taya kwando, ina ake ware wanda ya fashe, su waye ke sayensa kuma a nawa. Ki rubuta duk abin da ya ba ki mamaki, ko da kina ganin ƙarami ne. Da kin dawo gida kin karya, ki zauna ki rubuta jimla ɗayan nan. Ki aiko mini da ita in gani kafin ki kai wa Dakta, ki kuma gaishe mini da Baba.